Filin Tambayi Baba Sufeto: Shingen 'Yan Sanda a Titunan Abuja

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan yawancinsu a kan shinge suka zo, wasu da fushi, wasu da neman shawara. Na tsamo biyar daga ciki. Na yi aikin ɗan sanda har na yi ritaya, kuma kaso mai yawa na aikin nan a bayan shinge na yi shi a cikin garin nan, don haka abin da na gani da abin da doka ta ce zan faɗa muku.

TAMBAYA: Baba Sufeto, barka da war haka. Ni direban tasi ne, daga Mararaba nake shigowa gari kullum. Kwanan baya na ɗauko wata tsohuwa da jikarta za su asibiti, muka tarar an datse hanyar Sakatariya da shingen ƙarfe, ba wata sanarwa. Na roƙi jami'in da ke wurin, na nuna masa tsohuwar tana nishi, ya ce umarni ne daga sama. Sai da muka yi dogon zagaye cikin cunkoso. Haka doka ta ce? Kuma me ya sa Abuja ta cika da shingaye haka?
Daga wani direba, Mararaba

AMSA: Sannu ɗana. Allah ya ba tsohuwar nan lafiya, kai kuma ya saka maka da ka tsaya mata. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ruwa ba ya tsami banza.

Ranar 1 ga Oktoban 2010, ana tsakiyar bikin cikar Nijeriya shekara 50 da samun 'yanci a Dandalin Eagle, bama-bamai suka tashi cikin motoci biyu a kusa da dandalin, aƙalla mutum 12 suka rasu. Ranar 16 ga Yunin 2011 wata mota ta bi ayarin Sufeto Janar Hafiz Ringim har cikin harabar hedikwatar 'yan sanda, ta tarwatse a wurin ajiye motoci. Ranar 26 ga Agustan shekarar wata motar ta fasa ƙofar ginin Majalisar Ɗinkin Duniya, mutum sama da 20 suka rasa rayukansu. Na tashar Nyanya kuwa, na 14 ga Afrilun 2014, ka fi ni sani, hanyarka ce. Duka da mota aka yi su. Daga nan ne kankare da ganguna cike da siminti da buhunan yashi suka bazu a gaban manyan gine-gine. Aikinsu shi ne hana mota isa jikin gini ko jikin taro, domin ƙarfin fashewa yana raguwa ƙwarai idan an sami tazara. Shi ya sa kake ganin an jera kankaren ɗaya dama ɗaya hagu, yadda dole direba ya rage gudu ya yi ta karya sitiyari. Shingen ƙarfen da ka tarar kuwa, mai ƙafafu, wanda ake sarƙe wani da wani, ba ya tsayar da mota. Nuna iyaka yake yi, na mutane ne.

Doka ta ba ka 'yancin zirga-zirga a sashe na 41 na kundin tsarin mulki, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a. Rufe titi don taro ko barazana, ke nan, bai saɓa doka ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rufewa babu sanarwa, babu jami'in da zai nuna wa mutane hanyar zagaye tun daga nesa, kuma babu kafar da mara lafiya zai bi. Duk shingen da aka tsara shi yadda ya kamata yana da wurin da ake ɗagawa don motar asibiti da ta kashe gobara, kuma akwai mutum ɗaya da aka ba ikon cewa a ɗaga. Tsohuwar da ke nishi a bayan tasi ba ta fi ƙarfin wannan kafar ba. Akwai kuma shingayen da aka kafa don barazanar wata guda amma suka shekara da shekaru suna cin rabin titi, ba wanda ya dawo ya duba ko har yanzu ana buƙatarsu. Wannan sakaci ne, kuma talaka ne ke biyan kuɗin mansa.

In ka sake shiga irin wannan hali, kada ka ɓata lokaci da kurtun da ke riƙe da ƙarfen. Da gaske yake, ba shi da ikon buɗewa. Ka tsaya nesa kaɗan, ka sauke gilashi, ka fito a hankali hannuwanka a fili, ka ce: "Ofisa, mara lafiya gare ni, ina mai kula da wurin nan?" Ka nemi wanda ke riƙe da oba-oba, wato rediyon sadarwar 'yan sanda. Shi ne zai iya leƙa motarka, ya kira na gaba, a bar ka ka wuce. Kada ka miƙa na goro, kada kuma ka matso da mota jikin shinge kana ta ham, domin mutanen nan motar da ta ƙi tsayawa aka koya musu su ji tsoro. Idan an wulaƙanta ka, ka riƙe lokaci da wuri da sunan da ke ƙirjin jami'in, ka kai ƙara sashen karɓar koke na rundunar ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ka kuma riƙe ranakun da aka saba rufe yankin Dandalin Eagle da Sakatariya: 15 ga Janairu ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 1 ga Mayu ranar ma'aikata, bukukuwan 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba in an shirya su a can, ranar rantsar da shugaban ƙasa, da ranakun babban taron jam'iyyu.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ƙungiyarmu ta mata a Kubwa tana raba shinkafa da gero da sukari kafin azumi. Bara mutane sun fi abin da muka zata, har aka karya mana ƙyaure. Bana muna da kayan mutum 400. Wasu sun ce mu yi hayar shingen ƙarfe mu kira 'yan sanda, a kulle ƙofa sai an gama shiri. Hakan ya isa?
Daga wata Hajiya, Kubwa

AMSA: Hajiya, Allah ya karɓi wannan aiki. Amma ina roƙonki da girman Allah, wannan shawara ta kulle ƙofa sai an gama shiri, ku jefar da ita. Da ita ake kashe mutane.

Ranar 21 ga Disamban 2024, da sassafe, mutum 10 suka rasu a wani rabon abinci a cocin Holy Trinity da ke Maitama, huɗu daga cikinsu yara. A ranar ce mutum 22 suka rasu a Okija ta jihar Anambra wajen rabon shinkafa. Kwana uku kafin nan yara 35 suka rasu a Ibadan. A watan Maris na shekarar ɗalibai mata biyu sun rasu a jami'ar jihar Nasarawa da ke Keffi, nan kusa da mu, shi ma rabon shinkafa ne, kuma a watan ne aka yi asarar rayuka a Bauchi wajen rabon zakka. Ki koma baya zuwa 15 ga Maris na 2014, ranar jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice a babban filin wasa na Abuja: dubban matasa, ƙofa ɗaya a buɗe kamar yadda rahotanni suka nuna, aƙalla mutum 7 suka mutu a nan kaɗai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka shirya da mugun nufi. Mutane ne suka taru tun kafin asuba a bakin ƙofar da ke rufe, na baya suna ƙaruwa, na gaba ba su da inda za su.

Jaridu kan rubuta cewa an tattake mutane. Abin da ido ke gani daban ne. Yawancin waɗanda ke mutuwa a turmutsutsu a tsaye suke mutuwa, an matse ƙirjinsu sun kasa jan numfashi. Na tsaya a bayan shinge ranar wani rabo, kuma har yau ina ganin fuskar wata mata da ke sahun gaba. Ƙarfen sama na shingen yana daidai haƙarƙarinta. Ba ta ihu. Ta ɗaga kai sama, bakinta a buɗe, hannuwanta a maƙale a ƙasa ta kasa ɗago su, mayafinta ya zame bai ma dame ta ba. Ƙafafun shingen ta ɓangarenmu sun fara ɗagawa daga ƙasa. Mutanen da ke can baya suna ta hira, wasu na dariya, ba su san abin da ake ciki ba. Kowannensu taku ɗaya kawai ya matsa, amma takun mutum ɗari biyar a ƙirjin mace ɗaya yake ƙarewa. Da aka zare shinge biyu aka bar sahun gaba suka zubo ciki, sai ga goyo a bayanta. Allah ya yi da sauran kwanansu. Tun daga ranar, idan na ga taro, masu ihu ba su ne nake fara dubawa ba. Wanda ya yi shiru a gaba nake nema.

Masana harkar taro sun ce da zarar mutum biyar zuwa shida sun cushe a faɗin mita ɗaya murabba'i, an shiga haɗari. Mutum ba ya iya juyawa da kansa, taron ne ke tafiya da shi. A Ingila, a filin wasa na Hillsborough a 1989, mutum 97 suka rasa rayukansu sanadiyyar matsi a jikin shingen da aka kafa don hana 'yan kallo shiga fili. Bincike ya wanke 'yan kallon, ya ɗora laifin a kan yadda aka tafiyar da ƙofofi, kuma bayan abin ne aka cire irin waɗannan shingaye daga manyan filayen ƙasar.

To ga abin da nake ba ku shawara. Mafi alheri shi ne kada a yi taron sam. Kuna da masu unguwa, da limamai, da malaman Islamiyya da suka san gidan kowace bazawara da kowane maraya. Ku rubuta sunaye, ku raba kati a gida, kowane kati da ranarsa da sa'arsa, mutum 50 da safe, 50 da yamma, cikin kwana huɗu kun gama. Tsofaffi da masu ciki a kai musu har gida a Keke. Kada a sa sanarwa a WhatsApp ko a lasifikar masallaci. Kayan mutum 400 da aka yi wa shela, mutum 4,000 yake kira, kuma a wannan tsadar ba wanda zai zarge su.

In kuwa dole sai an taru, ku nemi fili buɗaɗɗe, ba tsakar gida mai katanga ba. Ƙofa ta kasance a buɗe tun kafin mutum na farko ya iso. Kada a jera shinge kamar mazurari, faɗi a baya, ƙunci a gaba. Layi ya zama faɗin mutum ɗaya tun daga farkonsa, ya yi ta lanƙwasa, a kuma yanka shi gida-gida, kowane gida mutum 20 a zaune a kan tabarma, da sarari tsakaninsa da na gaba. Wanda ke zaune ba ya tura kowa. Hanyar fita daban da ta shiga, kuma nesa da ita, don kada mai ɗauke da buhu ya ratsa ta cikin masu jira. Kada a jibge buhunan inda ido ke ganin suna ƙarewa. Kada a ɗaure shinge da waya ko kwaɗo. A bar wurare da mutum biyu za su iya zarewa cikin ƙiftawar ido. A sa mutum ɗaya a wuri mai tudu da lasifikar hannu, aikinsa kallo kawai, kuma maganarsa ta dakatar da rabo ko da shugabar ƙungiya ba ta so.

'Yan sanda kuwa, lallai ku rubuta wa DPO na yankinku da wuri, domin bayan abin da ya faru a Disamban 2024 rundunar ta buƙaci masu irin wannan rabo su riƙa sanar da ita. Ku roƙi a haɗa da 'yan sanda mata. Ku kuma zauna da wanda zai jagorance su kafin ranar, ku gaya masa a fili ba ku son bulala ko kulki. Yi wa mutanen sahun gaba duka ba ya mayar da taro baya, domin ba su ne ke turi ba.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne. Muna son yin tattaki na lumana zuwa Majalisar Tarayya. Wasu sun ce sai da izinin 'yan sanda, wasu sun ce a'a. Kuma idan suka tare mu da shinge, laifi ne mu haura? Ai a 2014 'yan majalisa da kansu sun haura ƙofar majalisa, ba abin da aka yi musu.
Daga wani ɗalibi, Gwagwalada

AMSA: Jikana, ba ka buƙatar izini. Wannan magana an gama ta a kotu. A watan Satumban 2003 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa bisa hujjar ba a ba da izini ba. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin taro ya ci karo da kundin tsarin mulki, wanda sashensa na 40 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana. A 2014 ma, lokacin da kwamishinan 'yan sandan Abuja Joseph Mbu ya ce ya haramta zaman masu neman a ceto 'yan matan Chibok, waɗanda ke taruwa a Unity Fountain, haramcin bai tsaya ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 83, cewa ta yi idan an sanar da 'yan sanda za a yi taro ko tattaki a kan titi, aikinsu ne su ba da tsaro. Saboda haka ku rubuta takardar sanarwa, da rana da hanyar da za ku bi, ku kai ofishin kwamishina, a buga muku hatimi a kwafinku, ku riƙe shi a aljihu.

Amma 'yancin taruwa bai zama 'yancin shiga ko'ina ba. Kotu tana iya iyakance wuri, kamar yadda Babbar Kotun Abuja ta yi a jajibirin zanga-zangar 1 ga Agustan 2024, ta ce a tsaya a filin wasa na Moshood Abiola. Mutane da yawa sun ga rashin adalci a wannan umarni, ni ma ina ganin kai masu koke bakin gari inda ba mai jin su ya rage wa 'yancin armashi. Sai dai a kotu ake ƙalubalantar umarnin kotu.

Haurawa kuwa, kada ka yi. Gaskiya ne ranar 20 ga Nuwamban 2014 'yan majalisa sun haura ƙofa lokacin da aka tare Kakakin Majalisa Aminu Waziri Tambuwal. Wurin aikinsu ne aka hana su shiga, kyamarorin duniya na kansu, lauyoyi na jiran kiransu. Kai ba ka da ko ɗaya. Ka tuna yaran da aka kamo daga Kano da Kaduna bayan zanga-zangar Agustan 2024, waɗanda suka shafe kusan wata uku a tsare har wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban kotu a nan Abuja kafin a sake su. Da ka taɓa shinge, an sami hujjar cewa ka hana jami'i aikinsa, kuma a daidai lokacin ne ake harba barkonon tsohuwa, na baya su ruga, wani ya faɗi. Ku tsaya taku goma kafin shingen, ku zauna a ƙasa, ku tura mutum uku su nemi babban jami'in wurin, su buƙaci wani daga majalisa ya fito ya karɓi takardarku. An sha yin haka, ana kuma fitowa. Ku naɗa masu kula da sahu daga cikinku, don baƙin fuskar da ke shigowa da duwatsu a aljihu ba don kokenku suka zo ba.

TAMBAYA: Malam, an yi fashi a shagon maƙwabcina, 'yan sanda suka zagaye wurin da ƙyalle mai ruwan ɗorawa, har da ƙofar shagona. Zan iya ɗagawa in shiga?
Daga wani mai shago, Wuse

AMSA: A'a ɗan'uwa, ka haƙura. Ƙyallen nan ba shi da ƙarfin tare ko akuya, amma abin da ke bayansa shaida ce: sawun takalmi, kwanson harsashi, zanen yatsa a jikin ƙyaure. Kana shiga ka goge na ɓarawo ka bar naka. Ka nemi jami'in da ke binciken, ka gaya masa akwai shagonka a ciki. In akwai abin da zai lalace ko kuɗin da ka bari, zai iya raka ka ka ɗauko. Aikin ba ya wuce sa'o'i a mafi yawan lokuta. In an kwana biyu ba mai zuwa ba mai cirewa, ka je wurin DPO.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni sabon kurtu ne, ban daɗe da fitowa daga horo ba. Sau da yawa ana ajiye ni a shinge a ce kada in bar kowa ya wuce. Idan taro ya matso, na ga mutane za su halaka, kuma ban ga oga ba, in buɗe ko in bi umarni? Ina tsoron a kai ni odalirum, wato zaman ladabtarwa na cikin rundunar.
Daga wani ɗan sanda, Abuja

AMSA: Ɗana, na ji daɗin wannan wasiƙa fiye da sauran, domin ka yi tambayar tun kafin ranar ta zo. Na san tsayuwar nan: tun asuba ba karin kumallo, rana ta dake ka, wanda ka hana wucewa ya zagi iyayenka, wanda ya ba ka umarnin kuma yana cikin mota.

Ka raba abu biyu. Akwai taron da ke son ƙwace wuri, akwai taron da ya matse kansa. Na farko fuskokinsu a kanka suke, suna jifa, suna jijjiga ƙarfe da hannu, kuma akwai sarari a bayansu da za su iya ja. Wannan ka riƙe wurinka, ka kira ƙarin hannu. Na biyu za ka ga sahun gaba sun manne da shinge ba da son ransu ba, taron yana tangaɗi gaba ɗaya hagu da dama, ana miƙo yara ta sama, takalma sun zube, wasu sun daina magana. Wannan ba masu laifi ba ne, mutane ne da ke mutuwa a gabanka, kuma minti kaɗan gare ka. Kare rai yana cikin manyan ayyukan da Dokar 'Yan Sanda ta ɗora maka, kuma wanda ya ce kada ka bar kowa ya wuce ba wannan halin yake nufi ba.

Ka yi kira a oba-oba ko ka ɗaga murya abokan aikinka su ji, don a shaida ka sanar. Kada ka buɗe ƙaramar kafa ɗaya a tsakiya, kowa zai nufo ta, a faɗi a kan juna. Ku zare shinge da faɗi, ta gefe biyu in zai yiwu, ku janye ƙarfen gaba ɗaya daga hanya don kada ya kwanta a ƙasa ya harɗe ƙafafu. Wani ya zagaya baya ya tsayar da masu shigowa, domin daga can matsin yake tasowa. Kada a harba komai, ko a sama. Wanda ya faɗi a ɗaga shi nan take, wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, wanda ba ya numfashi a fara danna masa ƙirji, a kira 112.

Gobe idan an ajiye ka, kafin oga ya shiga mota, ka sara masa ka tambaye shi abu biyu: ta ina ake buɗewa in an sami mara lafiya ko matsi, kuma wa zan kira. Ka rubuta amsar da lokacin a littafin aljihunka. In abin ya kai ga odalirum, da wannan shafin za ka shiga.